Idan Tsohon Keke Ya Ƙi Cin Bargo

Sanyi ya kunno kai, kowa kuwa ya san abin da kuɗin ɗumama ɗaki ya ke yi wa aljihu a ƙasar nan. Sabo da haka ne iyayenmu mata, a nan Rusholme da can Birmingham, suka jawo buhunan ƙyallayen atamfa da suka daɗe suna tarawa, suka shiga haɗa bargo. Bargon da na ke nufi shi ne mai ninki uku: a sama ƙyallaye haɗe-haɗe, a tsakiya auduga shimfiɗe, a ƙasa yadi guda, sa'an nan a bi da ɗinki a game su duka. To, a wurin gamewar nan ne a ke jin kuka iri ɗaya daga gida zuwa gida, wai keke ya ƙi. Keken da jiya ya ɗinka riga da ɗankwali lafiya lau, yau an sa masa bargo sai tsinka zare, sai tsallake, sai tara sheƙar zare a ƙarƙashi.

Abin da kan biyo baya ɗayan biyu ne, kuma duka hasara. Ko maigida ya ɗauko sukundireba ya shiga kwance duk abin da idonsa ya gani, ko kuwa yara su ce ai keken ya tsufa, su kai shi bola, su sayo na roba. Ni dai abin da zan faɗa muku shi ne, galibi keken ba shi da laifi. Laifin yana wurin allura, ko zare, ko ƙura, ko nauyin bargon kansa, kuma duk waɗannan ana gyara su ba a biya ko sisi ba.

Kada wani ya ce wannan ɗinki baƙo ne gare mu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan lifidi. Lifidi kuwa ba kome ba ne illa yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani, an bi da ɗinki. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi. Watau kakanninmu sun yi wa doki abin da mu ke yi wa gado yau, su don tare kibiya, mu don tare sanyi. Sai dai su da allurar hannu suka yi.

Kekunan da ke gidajenmu yawanci baƙaƙen nan ne na zubin ƙarfe masu zanen ruwan zinariya. Mafi yawansu Singer ne, irin 15K da 28K da 66K da 99K da 201K. Harafin K ɗin nan yana nufin Kilbowie, watau masana'antar Singer ta Clydebank kusa da Glasgow a Sikotlan, wadda aka gama ginawa a 1885, aka rufe ta a 1980. Akwai kuma Jones, ɗan gida, wanda aka riƙa ƙerawa a Guide Bridge, nan gabashin Manchesta, tun 1869, har kamfanin Brother na Japan ya saye shi a 1968. Wanda ya zo daga Kumasi ko Nima ko Kano zai ce shi Butterfly ya sani. To, Butterfly ɗin nan na Shanghai kwaikwayon Singer 15 ne, ƙoshiyarsu iri ɗaya, sabo da haka abin da zan faɗa ya shafe shi. Sanin lambar kekenka ba ƙaramin abu ba ne, don su baƙaƙen nan kamarsu ɗaya a ido, amma halinsu dabam dabam.

Mu fara da allura, don ita ce mai yawan laifi. Yadda keke ya ke ɗinki shi ne, allura ta huda yadi ta sauka da zare, sa'an nan da ta fara ɗagowa sai zaren ya yi ɗan zarge a gefenta, ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke zargen ta zagaya da shi bayan zaren ƙasa. Shi ke nan an sami ɗinki ɗaya. Idan zargen bai fito ba, ko ya fito a gefen da ƙugiya ba ta, sai a sami tsallake. Ku ɗauki allura ku duba a haske. Gindinta gefe guda a shafe ya ke, kamar an fere shi. A ɗaya gefen kuwa akwai doguwar tsaga wadda ta sauko har kafar allura, nan ne zare ya ke kwanciya. Gefen da ke a shafe shi ke fuskantar ƙugiya, zare kuma kullum ta gefen doguwar tsaga ya ke shiga.

Nan ne masu keken zamani su ke ruɗewa, don su sun saba da juya shafaffen gefen baya. A tsohon keke ba haka ba ne. A 28K da 66K da 99K, har da Butterfly na gida, shafaffen gefe dama ya ke dubawa, a sa zare daga hagu zuwa dama. A 201K kuwa hagu ya ke dubawa, a sa zare daga dama zuwa hagu. Shi 15K yana da iri biyu, na farko dama, waɗansu na baya hagu. Idan ka rasa wanne ne naka, dubi ɗan madogarin zare na ƙarshe wanda ke bisa allura, duk gefen da ya ke, ta nan zare zai shiga. Ka kuma tura allurar sama har ta tokare kafin ka ɗaure sukurunta. In ta sauko ko da kamar kaurin farce ne, ƙugiya ba za ta sami zarge a kan lokaci ba.

Bayan wannan sai girman allura da kaifinta. Allurar da ta ɗinka mayafi ba za ta ci ninki uku ba. A nemi lamba 14 ko 16, waɗanda a takardar zamani a ke rubuta su 90/14 da 100/16. Abin jin daɗi, duk Singer ɗin da na ambata suna cin allurar gida da a ke sayarwa ko'ina, mai lamba 15x1, ko 130/705H. Waɗansu tsofaffin Jones ne kaɗai ke da irin tasu dabam, mai irin wannan keke sai ya tafi kanti da tsohuwar allurar a gwada tsawonsu. Kuma don Allah a daina rowar allura. Auduga tana dakusar da ita da sauri, in ka ji keke yana bugu dum dum kamar ana kaɗa ƙaramin kalangu duk sa'ad da allura ta shiga, to bakinta ya mutu. Muna zaune kusa da Redditch, garin da ke kudu da Birmingham wanda ya yi suna a duniya wajen ƙera allura, har yana da gidan tarihinta a Forge Mill, abin kunya ne a ce allura guda ta yi mana shekara.

Ita atamfar ma tana da nata. Sabuwar atamfa cike ta ke da sitaci, ga kuma dankon takardar nan da a ke manna mata. Dankon nan in ya hau allura sai zare ya manne, zarge ya ƙi fita. A ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan takardar a ɓare ta, a wanke ƙyallayen tun kafin a yanka. Wankin yana da wani amfanin, don mai zuba ya zuba, mai shigewa ya shige tun yanzu, kada sai an gama bargo ja ya rine fari. Tsofaffi da yawa suna da ragowar ABC a ƙasan akwati, wadda a dā nan Hyde kusa da mu a ke buga ta, kafin a mai da aikin Akosombo a Gana cikin shekarun 2000. Irin wannan ƙyalle bai kamata a ɓata shi da gaggawa ba.

Sai maganar sheƙar zare a ƙarƙashin yadi, wadda ta fi kome sa mutane ɗaukar sukundireba. Mutum ya juya bargo ya ga zare ya cukurkuɗe a ƙasa, sai ya ce lalle ƙoshiya ce, ya shiga murɗa ɗan sukurunta. Kayya! Zaren da ka ke gani a ƙasan nan zaren sama ne. Wanda bai yarda ba ya sa ja a sama, fari a kwarkwaro, ya ɗinka tsumma ya gani da idonsa. Dalili shi ne zaren sama bai shiga tsakanin 'yan faya-fayan nan biyu na tenshan ba. Su faya-fayan ba su buɗewa sai an ɗaga takalmin keke, sabo da haka duk wanda ya sa zare takalmi yana ƙasa, zaren a bakinsu kawai ya ke kwance, ba abin da ke riƙe da shi. Magani, a zare shi duka, a ɗaga takalmi, a sake sawa tun daga farko, a kuma tabbata ya bi ta hannun nan mai hawa da sauka. Sa'an nan a sauke takalmi a ja zaren a ji. In ya yi tauri, ya shiga.

Akwai wata kuma wadda bargo kaɗai ke jawowa. Sabo da kaurinsa, bargo yakan cika ƙarƙashin takalmi har mai ɗinki ta zaci ta sauke shi, alhali yana sama. Takalmi yana sama kuwa tenshan a buɗe ya ke, sheƙa ta samu. A riƙa kai hannu baya ana taɓawa kafin a taka. A kuma riƙe bakin zaren biyu a baya har a yi ɗinki uku ko huɗu.

Kwarkwaro ma ba a yi masa aron na maƙwabci. Na 15K da Butterfly gefensa a miƙe ya ke. Na 66K da 99K da 201K gefensa ya ɗan lanƙwasa, kuma bai kai wancan tsayi ba. Na 28K kuwa dogo ne siriri, yana shiga ƙoshiya mai kama da harsashi, kusan irin ta masaƙa. In an sa wanda ba shi ba, wani lokaci ya zauna kamar gaske, sai an fara ɗinki ya nuna hali. A duba kuma ko naɗin zaren ya yi daidai, ba tudu da kwari. Tsohon zaren da aka samu cikin aljihun keke, wanda ya yi shekaru, a ja shi da hannu, in ya tsinke ba wuya a zubar.

Yanzu ga abin da na fi so ku lura da shi, don ba kowane tela ne ya ke faɗa ba, da ya ke shi riga da wando ya saba da su. Bargo yana da nauyi. In aka bar shi yana reto daga bakin tebur, shi ke jan allura, ba haƙoran keke ke jansa ba. Allura ta karkace kaɗan, ta kauce wa ƙugiya, a sami tsallake. Ta karkace da yawa, ta bugi farantin da ke ƙarƙashinta, ta karye. Kowane bugu kuwa yana barin ɗan kaifi a bakin ramin farantin, daga baya kaifin nan ya riƙa yanke zare, mai keke ta rasa dalili. A shafa da yatsa a ji, in akwai, a goge shi a hankali da takardar gurza mafi laushi. Amma rigakafinsa shi ne a jawo wani tebur, ko teburin guga, a sa a hagu da baya, duk bargon ya kwanta daidai da tsayin keke. Ɓangaren da zai shiga dama a naɗe shi kamar tabarma. Mai 99K ko 28K sai ta yi haƙuri, don su ƙanana ne, kashi uku cikin huɗu na manyan, hammatarsu ba ta da faɗi. In bargon na babban gado ne, ya fi sauƙi a ɗinka shi gida biyu ko uku, a haɗa daga baya. Hannu kuma aikinsa shiryarwa ne kawai, ba a ja, ba a turawa.

In ninkin sama yana gudu ya bar na ƙasa, har ya yi tattara, abu uku ne. Takalmi ya danne da yawa, sai a ɗan sassauta sukurun da ke can bisa kan keke daidai saitinsa, kaɗan kaɗan, don in ya yi sako-sako ainun yadi zai riƙa bin allura sama, tsallake ya dawo. Ko ɗinkin ya yi ƙanana, sai a buɗe shi ya zama kamar 8 ko 10 a inci guda. Ko kuwa ba a kama ninkin uku da kyau ba tun farko. A shimfiɗa su a ƙasa, a kama da fil ko manyan ɗinkin hannu, tazarar kamar tafin hannu, a fara ɗinki daga tsakiya a nufi baki. Inda mahaɗar ƙyallaye ta taru ta yi tudu, kada a taka da ƙarfi. A ninka wani tsumma a sa ƙarƙashin takalmi ta baya don ya daidaita, a juya wili da hannu har a haye. Wilin kuwa wajenka a ke juyo shi, in ka juya shi baya zare ya sarƙe.

Auduga tana zubar da gashi fiye da kowane yadi. Bayan kowane kwarkwaro biyu ko uku a buɗe ƙasa a share da ɗan buroshi, jifa jifa kuma a cire faranti a tono abin da ya danƙare tsakanin haƙora, don shi ke hana su ɗagowa su kama yadi. Amma ga gargaɗi ga masu 66K da 99K. Kusa da mazaunin kwarkwaro za ku ga wani ɗan jan abu kamar tarin ƙura cikin ɗan sifirin. Ba ƙura ba ce, lagwani ne da kamfani ya sa don ya riƙa shafa wa ƙugiya mai. Ɗigon mai ya ke so, ba tsinke ba.

Mai kuwa sai man keke, farin nan mai ruwa-ruwa, ɗigo guda a kowane rami da duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Man gyaɗa da man ja da man zaitun na tukunya ne. A keke daskarewa su ke yi su zama danko, keken da aka sha ba shi su yakan ƙage kamar an yi masa walda. In haka ta faru, ko kuwa laimar Manchesta ta sa masa tsatsa don ya daɗe a ɗakin ƙasa, a ɗiga masa kananzir a mahaɗai, a bar shi ya kwana, a riƙa motsa wili a hankali, in ya saki a goge a sa mai. Kada a kusantar da sifirit ga baƙin fentin, yana narkar da ƙyallinsa ya cinye zanen zinariya. Tsumma da man keke sun isa. Bayan sa mai a fara ɗinka tsumma tukuna, kada bargon wata uku ya sha tabo. In wili yana juyawa allura ba ta motsi, farin ƙullin da ke tsakiyar wili ne aka sassauta don naɗa kwarkwaro aka manta, a ɗaure shi. In keken ƙafa ne yana santsi, igiyar fatar ce ta saki, a yanke kaɗan a sake huda a maƙale.

Sai an bi duk waɗannan keke bai daina tsallake ba, kana a yi zancen saitin ƙugiya da sandar allura. Wannan kuwa aikin makaniki ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, saitin da ya zauna daram shekara saba'in ko tamanin ba ya gocewa don an sa masa bargo, amma yana gocewa nan take in an kwance sukurun da ba a san aikinsa ba. Haka kuma keke mai tsohon injin lantarki. Robar da ta rufe wayarsa ta bushe ta tsattsage, jikin keke kuwa ƙarfe ne, wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Kada kowa ya jona shi don gwaji, balle a gidan da ke da yara, sai mai gyaran lantarki ya duba ya sake waya. In an ga tsadar ta yi yawa, yawancin waɗannan kekuna ana iya cire musu injin a sa marikin hannu.

'Yan kasuwarmu masu sayen tsofaffin kekuna suna aikawa gida, ku ma akwai naku. Kwarkwaro da ƙoshiyar 15K ba su da wuyar samu a kasuwar Kumasi ko ta Kano, albarkacin Butterfly. Amma in 66K ko 99K ko 201K ko 28K ne, ku haɗa masa kwarkwaronsa da yawa tun daga nan, in ba haka ba kun aika wa mutum kayan ado. Kafin ku biya ku juya wili ku ji, ku duba ko ƙoshiya da faranti suna nan, ku sa a ɗinka muku tsumma ninki huɗu. Lambar da ke buge a gaban gadon keke ta dama ita ke nuna shekararsa, masu farawa da Y na Clydebank ne tsakanin 1923 da 1935. Kada kuma a ɗauki keke ta marikin akwatinsa na katako, makullin ya tsufa, yana iya saki keke ya faɗo bisa ƙafa. A rungume shi ta ƙasa.

Mai son ganin iyakar abin da a ke yi da wannan sana'a, akwai baje kolin barguna da a ke kira Festival of Quilts, wanda a ke yi kowace shekara lokacin zafi a babban filin NEC na Birmingham tun 2003. 'Yan'uwanmu na can ba su da nisa da shi, ga kuma Rag Market a tsakiyar gari in yadin ƙasan bargo ya gaza. Mu na Manchesta sai mu haɗa mota.